An Ba Wani Kwangilar Aikin Sojan Sama, Kana Ganin An Danne Maka Haƙƙi: Tambayoyi Da Amsoshi

Na daɗe ina taya 'yan kwangila haɗa takardun tanda, wato takardun shiga takarar neman kwangila, a nan Katsina, kuma duk lokacin da sakamakon wata kwangila ya fito, tambayoyi iri ɗaya nake sha. Masu zuwa wurina ba dillalan jiragen yaƙi ba ne. Masu kawo man jirgi ne da dizal, da masu gyaran titin sauka da tashi, da masu kafa shinge da fitilu, da masu gina rumfar ajiye jirage, da masu dafa wa dakaru abinci. Tun da ta'asar 'yan bindiga ta sa sojan sama suka ƙara zama a yankinmu, ga sansani a Katsina, ga asibitin rundunar da aka buɗe a Daura a 2019, irin waɗannan ayyuka suka yawaita, masu nema ma suka yawaita. Na tattara tambayoyin a nan ne don in amsa su wuri guda.

Wai da gaske mutum zai iya ƙalubalantar kwangilar da ta shafi soja? Ba tsokano tsuliyar dodo ba ne?

Zai iya, kuma doka ce ta ba shi. Dokar bayar da kwangilolin gwamnatin tarayya ta 2007, wadda ɗan garin nan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta tanadi hanyar koke a sashe na 54. Duk wanda ya shiga takarar kwangila, ya ga hukumar da ta yi tallar ta saɓa wa doka, ko ta saɓa wa sharuɗɗan da ita kanta ta rubuta a takardun tanda, yana da damar neman a sake dubawa. Rubuta koke ba rashin ladabi ba ne ga kaki. Kuɗin da ake sayen man jirgin na jama'a ne, kuma idan aka ba wanda bai iya ba, jirgi ya kwana a ƙasa saboda gurɓataccen mai ko rashin kayan gyara, mutanen Batsari da Jibiya da Safana ne za su kwana ba mai kai musu ɗauki. Wannan ne ya sa nake ɗaukar maganar da muhimmanci fiye da ribar ɗan kwangila.

Amma na ji an ce dokar ba ta hau kan harkar tsaro ba.

Wanda ya gaya maka yana da inda ya samo, sai dai labarinsa ya tsufa. A yadda aka fara rubuta dokar, sashe na 15 ya ware kayayyaki da ayyuka na musamman da suka shafi tsaron ƙasa, ya ce dokar ba za ta yi aiki a kansu ba sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Shekara da shekaru wannan ƙofa ce aka riƙa fakewa da ita, har abin da ba shi da wani sirri a cikinsa akan lulluɓe shi da sunan tsaro. Ba banza ba a 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin binciken sayen makamai tun daga 2007. Dokar Kuɗi ta 2020, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2021, ta yi wa sashen kwaskwarima, ta ambaci hukumomin tsaro da sunansu a cikin jerin waɗanda dokar kwangila ta hau kansu, tare da Babban Bankin Najeriya da Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ɓangaren shari'a.

Wannan bai kawar da sirri gaba ɗaya ba. Har yanzu doka ta yarda a sayi wasu abubuwan tsaro daga kamfani ɗaya ba tare da takara ba, zan zo kan wannan a ƙasa. Amma idan an buga talla a jarida, an sayar maka da takardun tanda, an karɓi ambulan ɗinka, to an riga an zaɓi hanyar takara, kuma wajibi ne a bi ƙa'idojinta har ƙarshe.

Wa ke da ikon kai koke?

Wanda ya shiga takarar. Idan kamfaninka ne ya nema, takardar ta fito da sunan kamfanin, a kan takardarsa mai tambari, da sa hannun darakta. Ƙaninka ko abokin kasuwancinka da ba sunansa a tanda ba zai rubuta a madadinka ba.

Ina zan fara kai kukana, kuma kwana nawa nake da su?

A nan ne mafi yawan mutanenmu suke faɗuwa, don haka a karanta da natsuwa.

Matakin farko ba kotu ba ne, ba kuma hukumar kula da kwangiloli ta ƙasa, wato BPP, ba ce. Za ka rubuta wa babban jami'in da ke da alhakin kuɗin hukumar da ta yi tallar. A ma'aikata shi ne Babban Sakatare, a sauran hukumomi kuwa shugaban hukumar. Duba takardun tanda ka ga wace hukuma ce ta yi tallar, Ma'aikatar Tsaro ce ko hedkwatar rundunar, domin can takardarka za ta nufa, ko da aikin a Katsina ko Daura za a yi shi.

Kana da ranakun aiki 15. Ba a lissafa Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnati, wato kusan mako uku ke nan. Abin lura shi ne daga inda lissafin yake farawa: daga ranar da ka san abin da kake kuka a kansa, ko ranar da ya kamata a ce ka sani, duk wadda ta riga. Idan tun ranar buɗe tanda ka ga an karɓi ambulan bayan lokaci ya cika, daga ranar kwanakinka suka fara tafiya, ba daga ranar da aka bayyana wanda ya ci ba.

Akwai wani dattijo da ya zo mini da jakar leda cike da takardu, kan wani aikin gini da wata hukuma ta bayar. Da na duba, gaskiyarsa a fili take, domin kamfanin da aka ba ko takardar shaidar biyan haraji bai haɗa ba. Na ce, "Alhaji, yaushe ka samu labari?" Ya ce tun kafin azumi. A lokacin kuwa an yi sallah har an gama ziyarce-ziyarce. Na ce, "To ina ka tsaya?" Ya ce, "Wallahi Malam, manya nake ta bi. Wannan ya ce in dawo jibi, wancan ya ce zai buga waya Abuja." Mako shida ya yi yana zaman jira a falon mutane, bai rubuta ko layi ɗaya ba. Ya zauna yana juya hularsa a gwiwa, ni kuma na rasa yadda zan gaya masa cewa abin ya zama ihu bayan hari. Har yau abin yana damuna, domin takarda ɗaya mai shafi biyu ta ishe shi.

Ban hana kowa neman alfarmar manya ba, al'adarmu ce. Amma ka fara shigar da takarda, a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a kan kwafinka, sannan ka je duk gidan da za ka je.

Shi babban jami'in da ka rubuta wa yana da ranakun aiki 15 ya ba ka amsa a rubuce, da dalilansa, da gyaran da zai yi idan akwai. Yana da ikon dakatar da aikin idan ya ga ya dace.

Me zan rubuta a cikin takardar?

Sunan aikin da lambarsa kamar yadda suke a talla. Ranar da abin ya faru da ranar da ka sani. Sharaɗin da aka karya, da shafin da yake a takardun tanda ko sashen doka. Hujjarka. Sai abin da kake so a yi: a dakatar, a sake tantancewa, ko a soke.

Ka bar zagi da zargin da ba ka da shaida a kansa. "An yi mini zalunci saboda ba ni da uwa a gindin murhu" magana ce ta majalisar ƙofar gida, ba ta da nauyi a fayil. Wadda take da nauyi ita ce irin wannan: talla ta ce dole mai kawo man jirgi ya nuna lasisinsa da shaidar wurin ajiya, kamfani kaza bai nuna ba a ranar buɗewa, amma shi aka ba.

A ina zan samo hujja, alhali komai yana hannunsu?

Rabin hujjarka a zauren buɗe tanda take, shi ya sa nake faɗa da masu jefa ambulan a akwati su kama hanyar gida. Doka ta ce a buɗe tanda a bainar jama'a da zarar lokacin karɓa ya cika, a gaban masu nema ko wakilansu, a kira sunan kowane kamfani da kuɗin da ya sa da babbar murya, a rubuta. Ta kuma ce a gayyaci masu sa ido biyu daga waje, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru a fannin aikin, ɗaya daga ƙungiyoyin da ke fafutukar yaƙi da rashawa.

Ka je da littafi da biro, ko ka tura yaron da ya iya rubutu da sauri. Ka sa hannu a rajistar mahalarta. Ka lura da lokacin da aka cire kwaɗon akwatin, ka ƙirga ambulan nawa aka zazzage a kan tebur, ka duba ko akwai wanda bakinsa yake a buɗe. Duk sunan da aka kira da adadin kuɗinsa, ka rubuta har kwabo. Idan bayan wata biyu aka ce wanda ya ci kamfani ne da ba a kira sunansa a ranar ba, ko kuɗinsa ya canza, littafin nan naka shi ne shaidarka.

Bayan haka kana da haƙƙin neman a yi maka bayanin dalilin faɗuwarka, sashe na 19 ya wajabta wa hukuma ta yi wa waɗanda ba su yi nasara ba bayani idan sun nema. Ka nema a rubuce tun ranar da ka ji sakamako, amma kada ka zauna jiran amsa kwanakin kokenka su ƙare. Hukuma kuma dole ta adana bayanan kowace kwangila na aƙalla shekara 10. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Tana da togaciya kan bayanan da za su cutar da tsaron ƙasa, don haka kada ka tambayi yawan jirage ko inda suke kwana. Tambayi abin da ya shafe ka: rahoton tantancewa da makin da aka ba kowa.

Ni na fi kowa sauƙin farashi. Ba shi ke nan ni ya kamata a ba?

A'a. Doka ba ta ce a ba mafi araha kawai ba, cewa ta yi a ba mafi araha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan an tantance. Kafin a kalli farashinka sai an duba rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun hukumar fansho da asusun horar da ma'aikata da na inshorar ma'aikata, da rajistarka a kundin BPP, da takardar rantsuwa ta kotu. Ɗaya ta ɓace ko wa'adinta ya ƙare, an ajiye ka gefe.

A aikin jirage kuma ƙwarewa tana gaban araha nesa ba kusa ba. Man jirgi ba fetur ɗin bakin titi ba ne, ɗan ruwa ko datti a cikinsa yana iya kashe inji a sararin sama. Kayan gyara sai da takardar da ke nuna asalinsu, wasu kayan ma ba sa shigowa ƙasar nan sai da izinin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Idan an kayar da kai a kan irin wannan, kuma ka san ba ka da shi, ka haƙura ka shirya wa gaba. Koke marar tushe yana jinkirta aikin da rayuka suka rataya a kansa, ni kuma ba na taya kowa rubuta irinsa.

Jami'in ya yi shiru, ko ya ba ni amsar da ban gamsu da ita ba. Sai me?

Sai BPP a Abuja, cikin ranakun aiki 10. Ka haɗa kwafin kokenka na farko mai hatimi, da amsar da aka ba ka idan akwai. Wannan mataki yana da ƙarfin da mutane ba su sani ba: da zarar koke ya isa, doka ta ce BPP ta sanar da hukumar, ta kuma dakatar da duk wani mataki a kan kwangilar har sai ta yanke hukunci. Idan ba ta yi watsi da koken ba, tana iya soke abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, duka ko wani ɓangare, tana kuma iya maye gurbin hukuncin hukumar da nata. Wa'adinta ranakun aiki 21 ne.

Kotu fa?

Ita ce ta ƙarshe. Idan BPP ta yanke abin da ba ka yarda da shi ba, ko ranakunta 21 suka wuce ba ta ce uffan ba, kana da kwana 30 ka je Babbar Kotun Tarayya. Lura, a nan kwana 30 doka ta ce, ba ta ce ranakun aiki ba. Kotun tana da reshe a Katsina, amma lauyanka ne zai duba ko a nan ya dace a shigar ko a Abuja inda hukumomin suke. Kada ka tsallake matakai biyun farko ka ruga kotu, domin abu na farko da lauyan gwamnati zai ɗaga ke nan, a kori ƙarar tun ba a taɓa gundarin maganar ba.

Ba a ma yi talla ba, kawai ji muka yi an bayar. Wannan halal ne?

Yana iya zama halal, yana iya zama haram. Asali dai takara a buɗe ita ce ƙa'ida. Amma doka ta yarda da gayyatar kamfanoni ƙalilan idan aikin na 'yan ƙwararru ne, ta yarda da saye kai tsaye idan kamfani ɗaya ne kaɗai ke da kayan, ko ana buƙatar kayan da za su dace da waɗanda ake da su, ko abin ya shafi tsaron ƙasa, ta kuma yarda da sayen gaggawa a lokacin bala'i ko yaƙi. Injin jirgi dole a koma wa masu ƙera shi, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai kowace daga cikin hanyoyin nan sai an rubuta dalilinta a fayil. Share ciyawar gefen titin jirgi ko fentin barikin sojoji ba sirrin ƙasa ba ne. Haka nan daddatsa babban aiki zuwa ƙanana don a kauce wa matakin amincewa na sama laifi ne a ƙarƙashin sashe na 58.

Tun da ba ka shiga takara ba, ƙofar sashe na 54 za ta yi maka ƙunci. Abin da ya fi shi ne ka rubuta wa BPP ƙorafi, domin tana da ikon duba kowace kwangila ta kuma miƙa wa masu bincike.

Manyan cinikayya irin na jiragen Super Tucano fa, su ma ana ƙalubalantarsu?

Jirage 12 da Najeriya ta saya, waɗanda rukunin farko na shida ya iso a watan Yuli na 2021, ciniki ne tsakanin gwamnati da gwamnati, ta hannun gwamnatin Amurka. Ba a yi tanda a nan ba, balle wani ɗan kwangilarmu ya ce an kayar da shi. Masu hurumin tambaya a irin wannan su ne majalisa da Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, kuma majalisa ta yi tambayar a 2018, lokacin da aka fitar da dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur kafin a samu amincewarta.

Amma shi wannan samfurin jirgi yana da tarihin da ya kamata kowane ɗan kwangila ya sani. A ƙarshen 2011 rundunar sojan saman Amurka ta ba kamfanin Sierra Nevada, tare da Embraer na Brazil, kwangilar jirage 20 da za a kai Afganistan, kan dala miliyan 355. Abokin takararsu, Hawker Beechcraft, an riga an cire shi daga takarar. Ya kai kuka ofishin binciken ayyukan gwamnati na ƙasar, wato GAO, aka yi watsi da koken saboda ya makara, ba don an duba gaskiyarsa ba. Babban kamfani mai tarin lauyoyi, lissafin kwanaki ya kayar da shi kamar yadda ya kayar da dattijon da na ba da labari. Sai ya tafi kotu. A watan Fabrairu na 2012 rundunar da kanta ta soke kwangilar, ta ce takardun da aka kafa hujja da su ba su gamsar ba. Aka sake takara, a Fabrairu na 2013 Sierra Nevada ya sake ci, Beechcraft ya sake koke, GAO ta ƙi amincewa a watan Yuni.

Akwai kuma wanda koke ya juya shi gaba ɗaya. A 2008 aka ba Northrop Grumman da kamfanin Turai EADS kwangilar jirage 179 masu shayar da wasu jirage mai a sama. Boeing ya yi koke, GAO ta same shi da gaskiya a watan Yuni na shekarar, aka sake takara, a 2011 Boeing ya ci. Ita GAO kwana 100 doka ta ba ta ta yanke hukunci. Babu wanda ya kira waɗannan kamfanoni maƙiyan soja don sun nemi a sake duba lissafi.

Ina tsoron in na yi koke ba za a ƙara ba ni aiki ba.

Wannan tsoro na gane shi, kuma ba zan ce maka ba a riƙe mutum a zuci ba. Amma a doka, kai koke ba ya cikin laifuffukan da ake hana kamfani kwangila a kansu. Abin da ke jawo hani shi ne takardun jabu, da haɗa baki, da cin hanci. Abin da na lura da shi shi ne, wanda ya rubuta takarda mai ladabi da hujja, jami'ai sukan yi taka-tsantsan da fayil ɗinsa a gaba, domin sun san yana karanta abin da aka rubuta. Idan ku da yawa abin ya shafa, kowa ya rubuta tasa a rana ɗaya.

An ce in kawo wani abu a gyara mini, ko mu haɗa kai da sauran masu nema mu tsara farashi.

Kada ka kusanci ko ɗaya. Wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, idan kotu ta same shi da laifi a ƙarƙashin dokar nan, ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne babu zaɓin tara. Ma'aikaci kuwa aƙalla shekara 5 da kora daga aiki. Kamfani a hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara 5, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin kwangilar. Idan an nemi hanci a wurinka, wannan ya wuce koken kwangila, maganar EFCC ce ko ICPC, kuma kana iya kai musu ba tare da ka janye kokenka ba.

Idan gwamnatin jiha ce ta ba da aikin, misali hanyar da ta nufi sansani?

To dokar jiha ce za ta yi aiki, kuma jihar Katsina tana da hukumarta ta kula da kwangiloli. Kwanakin da na lissafa a sama na tarayya ne, kada ka ɗora su a kan aikin jiha. Duba wanda ya yi talla da wanda zai biya.

An riga an sa hannu, har an biya kuɗin kafin alƙalami. Akwai sauran amfani?

Idan kwanakinka 15 ba su cika ba, rubuta yau. Gaskiya ne al'amarin ya fi wuya a wannan mataki, domin ɗan kwangilar gida yana iya karɓar har kashi 30 cikin ɗari tun kafin ya fara, kuma idan tankokin mai sun fara shiga sansani ko an zuba kankare, da wuya a so tsayar da aikin da dakaru ke jira. Duk da haka ikon BPP na soke abin da aka yi ba bisa doka ba yana nan, kuma yawancin ayyukan nan, mai da abinci da gyare-gyare, ana sake tallarsu. Kokenka yana shiga fayil, masu binciken kuɗi za su gan shi. Ka yi kwafi uku: ɗaya ka miƙa, ɗaya a buga maka hatimi ka riƙe, ɗaya ka ajiye wurin lauyanka. Idan masu karɓar wasiƙu suka ƙi buga hatimi, ka aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit, ka adana rasit ɗin tare da kwafin.